Kumburin ƙafa: sau da yawa ba a ƙafar ciwon yake ba

A bazarar bara, cikin sati biyu, na ga mutum biyu da kumburarrun ƙafafu a layinmu na Ƙofar Atiku. Ɗaya gwaggona ce. Ɗayar kuma wata maƙwabciyarmu ce da ta haihu, ko arba'in ba ta yi ba.

Gwaggo ce ta aika a kira ni. Na same ta zaune a tabarma ta miƙe ƙafa, silifas ya bar mata shaida a bayan sawu. Ta ce, "Ke da kinka yi boko, zo duba min ƙahwag ga. Mi as same ta?" Na ce, "Gwaggo, ni fa ba likita ba ce, yadda gaɓoɓin jiki ke aiki nake karanta." Ta ce duk ɗaya ne. Kafin in zo har an sayo mata ƙwayar fitsari a wani kemis. Kwana huɗu tana sha, tana ta zaryar bayi, jiri na ɗibarta, ƙafa kuwa tana nan yadda take. Masu dubiya kowa da tasa: wannan ta ce sanyi ne, waccan ta ce a kira wanzami ya yi tsaga, wata ta rage murya ta ce a dai bincika, kada a je wani abu ta taka.

Ita kuwa mai jego ba wanda ya damu da tata ƙafar. "Ai jego ne, zai saɓe." Abin da ya ɗaga hankalin surukarta daga baya shi ne ta lura yarinyar ta daina kwanciya. A zaune take barci, ta jingina da bango, don da ta kwanta sai numfashi ya sarƙe.

Da aka je asibiti, na gwaggo bai wuce illar maganin hawan jininta ba, aka canza mata shi, kumburi ya tafi. Ita mai jego zuciyarta ce ta raunana, sai da aka kwantar da ita. Wato wadda aka taru a kanta ba ta cikin haɗari, wadda aka ƙyale ita ce a bakin rami, alhali in ka kalli ƙafafun ba za ka bambance su ba.

Daga ina ruwan yake fitowa?

Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin baligi ruwa ne. Mutum mai kilo 70 yana ɗauke da wajen lita 42. Kamar lita 28 tana kulle cikin ƙwayoyin halittar jiki. Wajen lita 3 kacal ke yawo a jijiyoyi a matsayin ruwan jini. Sauran, kimanin lita 11, yana kwance a tsakankanin ƙwayoyin halitta, kamar damshin da ke cikin ƙasar fadama. Kumburi shi ne wannan kaso na ƙarshe ya ƙaru fiye da kima.

Yaya yake ƙaruwa? Manyan jijiyoyin jini suna ta rarrabuwa har su zama sirara ƙwarai, waɗanda gashin kai ya fi su kauri nesa ba kusa ba. Bangon waɗannan sirara ba a toshe yake ruf ba, yana tsattsafo, don ta nan abinci da iska ke isa ga tsoka. A 1896 wani masani a Landan, Ernest Starling, ya bayyana cewa ƙarfi biyu ke ja-in-ja a wannan bango. Akwai matsin jini, mai tura ruwa waje. Akwai kuma wani furotin da hanta ke ƙerawa, albumin, wanda ya yi girman da ba ya iya fita ta hujin bangon, sai ya zauna a ciki yana riƙe ruwa. Duk wadda ta taɓa barbaɗa gishiri a yankakkiyar albasa ta ga ruwa ya biyo gishirin, ta ga irin wannan jan da idonta.

Ruwan da ya tsattsafo waje ba a barinsa ya kwanta. Jiki yana da wasu magudanai na daban, masu ɗauke da wani farin ruwa, su ke kwashe shi su mayar cikin jini a kusa da wuya. A kan hanyarsu suke bi ta 'yan ƙululun nan na hantsa da hammata, waɗanda in sun kumbura muke cewa kaluluwa ta fito.

To, ka ga hanyoyin lalacewa a fili suke. Ko matsi ya yi yawa a jijiyar, ko albumin ya yi ƙaranci, ko bangon ya ƙara yoyo saboda ciwo, ko magudana ta toshe. Duk wani kumburin ƙafa da ka taɓa gani, ɗaya ne daga cikin waɗannan, ko biyu sun haɗu.

Me ya sa ƙafa, ba hannu ba? Saboda ruwa gangare yake bi. In ka tsaya cak ba motsi, matsin jinin da ke jijiyar idon sawunka yakan kai wajen 90 a irin ma'aunin da ake auna hawan jini da shi. Da ka fara tafiya sai ya faɗo zuwa 30 ko ƙasa da haka. Sirrin yana sharaɓa. Duk takun da ka yi, tsokar sharaɓa tana matse jijiyoyin da ke cikinta ta tura jini sama, wasu 'yan ƙyamare da ke cikin jijiyar kuma su rufe don kada ya dawo. Shi ya sa nake ganin tela mai keken ƙafa ya fi mai keken lantarki sa'a ta wannan fuskar: yana ɗinki yana buga famfo. Shi ya sa kuma majinyacin da ya daɗe a kwance ba lallai ka ga kumburinsa a ƙafa ba, sai ka duba ƙugu da gadon baya.

Wani abu da ya kamata a sani: in daga cikin jiki matsalar take, kafin kumburi ya bayyana a ido jiki ya riga ya tara wajen lita biyu zuwa uku na ruwan da ya wuce kima. Ranar da ka fara ganinsa ba ranar ya fara ba.

Gwajin ɗan yatsa, da tambayar farko

Ka sa babban yatsa a kan ƙashin ƙwauri, ɗan sama da idon sawu, ka danna a hankali ka ƙirga zuwa biyar, ka ɗaga. In wurin ya lotsa ya bar rami, ruwa ne. In bai lotsa ba, fatar ta yi tauri da kauri, hankali ya fi karkata ga toshewar magudanan farin ruwa da ta daɗe.

Sai tambayar da ta fi kowace amfani: ƙafa ɗaya ce ko biyu? In biyu ne daidai wa daida, akasari daga sama abin ya gangaro: zuciya, ƙoda, hanta, ciki, yunwa ko magani. In ɗaya ce, a nemi dalili a cikin ƙafar kanta.

Mafi sauƙi cikin na ƙafa biyu shi ne na zafi da tsayuwa. A Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura 40, jijiyoyin fata suna buɗewa don jiki ya sha iska, tsattsafo ya ƙaru. Mai tuyar masa da ta wuni a kan kujera 'yar tsugunno, da ɗan kasuwar da ya wuni tsaye a rumfa, duk za su iya tashi da yamma takalmi ya matse. Alamarsa ita ce yana tafiya da kansa: a kwana, a wayi gari ƙafa ta koma daidai, ba haki, ba ciwo. Wannan ba ya buƙatar ƙwaya ko ɗaya.

Zuciyar mai jego

A nan zan daɗe, don wannan matsalar tamu ce fiye da kowa.

In zuciya ta gaza tura jini yadda ya kamata, jini yana cunkushewa a bayanta kamar ruwa a bakin toshasshen kwalbati. Matsi ya hau a jijiyoyin ƙafa, ruwa ya fita. Ƙoda kuma, da ta ji jinin da ke iso mata ya ragu, sai ta ɗauka jiki ya bushe, ta shiga riƙe gishiri da ruwa, abin ya ƙara taɓarɓarewa. Ruwan ba a ƙafa kaɗai yake taruwa ba, har da huhu. In mutum ya kwanta, ruwan da ya wuni a ƙafa sai ya komo ƙirji, shi ne dalilin da ya sa maƙwabciyarmu take barci a zaune. Haki in an ɗan yi tafiya, tari da dare, ƙara matashin kai biyu ko uku kafin a iya barci, farkawa tsakar dare ana neman iska: in ɗayan waɗannan ya haɗu da kumburin ƙafa, zancen ya bar ƙafa.

A wurin manya, hawan jinin da aka yi shekaru ba a kula da shi ba ne kan gaba wajen gajiyar da zuciya. Amma akwai wani nau'i da ke kama mace a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa, ko da lafiyarta ƙalau a da. Tsokar zuciyar ce ke saki, ta buɗe, ta rasa ƙarfin matsawa. A Japan ana samunsa kamar sau 1 cikin haihuwa 20,000. A Afirka ta Kudu kamar 1 cikin 1,000. A nan Sakkwato, binciken da Farfesa Simeon Isezuo da abokin aikinsa suka wallafa a 2007 daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya sami 1 cikin haihuwa 102. Lissafin asibiti ne, ba na gari duka ba, kuma babban asibiti dama shi ke tara masu tsananin ciwo. Duk da haka tazarar ta yi yawan da ba za a kau da kai ba.

An daɗe ana neman dalili. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun bi mata 224 masu wannan ciwo, suka wallafa sakamakon a 1978. Sun ɗora zargi a kan al'adun jego: kunun kanwa, wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Hujjarsu tana da ma'ana. Kanwa cike take da sodiyam, sinadarin nan na gishiri mai riƙe ruwa, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Shekaru da dama wannan bayani ne ake koyarwa.

Sai a 2020 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta, mai suna PEACE, wanda ya tattara mata 406 daga asibitoci 22 a faɗin Nijeriya. Mafi yawansu daga Arewa maso Yamma suka fito, wannan bai ba kowa mamaki ba. Abin da ya ba da mamaki shi ne da aka kwatanta su da masu jegon da ba su kamu ba, wankan jego da kunun kanwa ba su fito a matsayin abin da ya raba su ba, haka ma kasancewa Bahaushiya ko Bafulatana. Abubuwan da suka fito su ne rama, wato nauyin da bai kai kima ba, da rashin karatun boko, da rashin aikin yi, da hawan jini na masu ciki. A taƙaice, talauci da rashin kulawa lokacin goyon ciki. Akwai kuma bincike daga Yamai tun 1992, da wani daga Kano daga baya, da suka sami ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu ciwon.

Kada wata ta karanta wannan ta ce an wanke kanwa. Cewa ba ita ta haddasa ciwon ba daban, cewa ba ta cutar da wadda zuciyarta ta riga ta raunana daban. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura tana haki, kowane kofi na kunun kanwa ƙarin ruwa ne a huhunta. A ra'ayina kuskuren da muka fi yi ba a kunun yake ba, a kalmar "zai saɓe" yake. Kumburin da ciki ya kawo yana raguwa cikin sati ɗaya zuwa biyu bayan haihuwa. Wanda ke ƙaruwa bayan suna, ko ya zo da haki, ba jego ba ne. Ciwon yana da magani, mata da yawa zuciyarsu tana farfaɗowa, amma ana shan maganin watanni, kuma dole a tattauna da likita kafin a sake ɗaukar ciki, don yana iya dawowa da ƙarfi.

Tun da mun taɓo ciki: yawancin masu ciki ƙafarsu tana ɗan kumbura a watannin ƙarshe, saboda ruwan jini ya ƙaru da kusan rabi, mahaifa kuma ta danne babbar jijiyar da ke dawo da jini daga ƙafafu. Kwanciya ta gefen hagu tana ɗage mata nauyin. Wanda ake tsoro shi ne kumburin da ya zo farat ɗaya, ya hau fuska da hannu har zobe ya ƙi fita, da ciwon kai, ko gani dishi-dishi, ko ciwo a saman ciki. In awo ya nuna 140/90 ko sama bayan sati 20, ga furotin a fitsari, to jijjiga ce ke sallama. Wannan na ranar ne, ba na jiran ranar awo ba.

Ƙoda, hanta, yunwa

Kumburin ƙoda yakan fara ta fuska. A tashi da safe ido a kumbure, zuwa yamma ya gangara ƙafa. Ko dai ƙodar ta kasa fitar da gishiri da ruwa, ko kuma rariyarta ta yage tana zubar da albumin cikin fitsari. Alamar na biyun ita ce fitsari mai kumfa da ba ta saurin mutuwa. A yara, a lura da wanda ya yi ƙazuwar da ta yi ruwa ko ciwon maƙogwaro, bayan 'yan makonni fuska ta kumbura, fitsari ya koma kalar shayi. A manya kuwa, ciwon suga da hawan jini ne ke cin ƙoda a ɓoye. Gwajin farko ɗan tsinke ne da ake tsomawa a fitsari, minti biyu an gama, kuma yana cikin mafi arha a asibiti.

Hanta ita ce masana'antar albumin. In ta ƙeƙashe, galibi a wurinmu saboda ƙwayar cutar hanta nau'in B da aka daɗe da ita ba a sani ba, sai ciki ya cika da ruwa, ƙafa ta biyo baya, wani lokaci ido ya yi shawara.

Na yara masu tamowa kuwa yana da yaudara. Yaro ya kumbura, kumatu sun cika, a ce ya yi ƙiba, alhali yana cikin mafi munin yunwa. Wata likita, Cicely Williams, ita ta shigar da sunansa littattafan likitanci a 1935 daga Ankara ta ƙasar Gana, da kalmar mutanen Ga, kwashiyoko. Ma'aikatan lafiya suna danna bayan sawun yaro duka biyu na daƙiƙa uku. In duka sun lotsa, tamowa ce mai tsanani, ko nawa ne nauyinsa a sikeli, kuma cibiyar kula da tamowa za a kai shi a ranar.

Maganin da ke cikin leda

Mu koma kan gwaggo. Amlodipin take sha, kuma ba a daɗe da ƙara mata shi daga 5 zuwa 10 ba. Wannan magani, da ɗan'uwansa nifedipin, suna sauke hawan jini ta hanyar buɗe ƙananan jijiyoyin da ke kai jini. Ƙofar shiga ta faɗaɗa, ta fita tana nan yadda take, sai matsi ya hau a siraran jijiyoyin ƙafa. Ka lura, jikinta bai tara ruwan da ya wuce kima ba, wurin zama kawai ruwan ya canza. Shi ya sa ƙwayar fitsari ba ta yi mata komai ba sai jiri. Magani ne mai kyau, kuma ba a daina shi da ka, don hawan jinin da zai dawo ya fi kumburin haɗari. Likita ne zai rage, ko ya haɗa da wani, ko ya canza.

Akwai wasu. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen, waɗanda masu aikin ƙarfi ke sha kamar gyaɗa, suna sa ƙoda ta riƙe gishiri, in an daɗe kuma su lalata ta. Sai ƙwayoyin ƙiba da 'yan mata ke saye, irin waɗanda ake kira sha-ka-fashe, da yawansu akwai deksametazon a ciki. Abin da ake gani kamar cika, wani ɓangarensa ruwa ne, kuma yana tafe da hawan jini da suga.

In ƙafa ɗaya ce

Wanda ya fi gaggawa shi ne gudan jini a jijiyar can ciki. Sharaɓa ɗaya ta kumbura cikin kwana ɗaya ko biyu, ta yi nauyi, ta yi ɗumi, tana ciwo. In ka auna da tef ɗin tela ka ga ta fi 'yar'uwarta da sama da santimita 3, ƙarin hujja ne. Yana samun wanda jininsa ya daɗe bai motsa ba: wadda aka yi wa tiyatar haihuwa, mai karaya, mai jego cikin sati shida na farko, mai cutar kansa, mai shan wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa, da matafiyi. Zaman da ya wuce awa huɗu ba motsi yana ninka haɗarin. Ka tuna motar Sakkwato zuwa Legas, ko jirgin alhazai. Haɗarin shi ne gudan ya ɓalle ya bi jini ya toshe huhu, mutum ya faɗi nan take. Saboda haka irin wannan ƙafa ba a murza ta, ba a kai ta wurin mai ɗori ya ja. Hoton jijiya ake yi, a ba da maganin tsinka jini na aƙalla wata uku. In ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi ya biyo baya, ko tsakar dare ne a tafi.

Na biyu, ƙwayoyin cuta su shiga fata ta wani ɗan rauni, ko kaushi, ko tsagewar tsakanin yatsu. Ƙafa ta yi zafi, ta yi sheƙi, taɓawa ma ciwo, ga zazzaɓi, ga kaluluwa a hantsa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta yake so, cikakke, ba guda huɗu ba. Mai ciwon suga kada ya kwana da shi, da yawan ƙafafun da ake yankewa daga nan suka fara.

Akwai kuma na 'yan ƙyamaren jijiya da suka saki, wanda ya fi kama masu shekaru da matan da suka yi haihuwa da yawa. Jijiyoyi su fito ruɗu-ruɗu, fatar idon sawu ta yi duhu, a ƙarshe gyambo ya ɓulla. Yana iya zama ƙafa ɗaya ko biyu.

Sai tundurmi, wanda aka fi jingina wa sammu. Tsutsa ce siririya kamar zare, sauro ke ɗaukar 'ya'yanta daga mutum zuwa mutum, kuma a yankinmu irin sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ne. Tana zama cikin magudanan farin ruwa shekara shida zuwa takwas tana lalata su. Sau da yawa tun yarinta ake kamuwa, kumburin sai an girma, shi ya sa ba wanda ke tuna sauro. Ita ce kuma ke kawo wa maza wani nau'in gwaiwa. 'Ya'yanta da dare suke fitowa cikin jini, don haka in an ce za a ɗebi jininka da tsakar dare ba wulaƙanci ba ne. Ƙwayoyin Mectizan da albendazol da ake rabawa gida-gida kyauta sau ɗaya a shekara, har da nan jihar Sakkwato, su ke katse yaɗuwarta, kuma suna aiki: a 2017 aka sanar cewa jihohin Filato da Nasarawa sun kawar da ita a matsayin matsalar lafiyar al'umma. Sai dai ƙwayar ba ta mayar da ƙafar da ta riga ta girma. Abin da ke hana ta ƙaruwa ba shi da tsada: wanke ta kullum da sabulu da ruwa mai tsabta, tsane ta sosai musamman tsakanin yatsu da cikin ninkin fata, ɗaga ta, motsa ta, sa takalmi. Kowane zazzaɓi da ƙafar ta yi yana ƙara toshe magudanan, tsabtar ita ke rage zazzaɓin.

To, me za a yi?

Abin da kowa zai iya a gida kaɗan ne, amma yana da amfani. In za ka ɗaga ƙafa, ka kwanta ka sa matashi har ta fi ƙirji tsawo, na kamar rabin awa, sau biyu ko uku a rana. Ɗora ta a kan kujera kana zaune bai kai ba. Wanda kwanciya ke sarƙe wa numfashi kada ya gwada wannan, shi asibiti ne nasa. In aikinka na zama ne ko tsayuwa, ka riƙa tashi kana ɗan zagayawa, ko ka riƙa ɗaga dunduniya kana saukewa. Safa mai matsi tana taimakon masu sakin jijiya, ana sa ta da safe kafin ƙafa ta cika, amma a bari ma'aikacin lafiya ya tabbatar jini na isa ƙafar da kyau, musamman ga mai suga.

Sai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Mu kuma ba daga gishirin gwangwani kaɗai muke samunsa ba. Dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne, ga farin maggi, ga kanwa a wake da miyar kuka, ga yajin tsire da kilishi. Wadda ta ce ta daina sa gishiri amma ta ƙara dunƙule uku ba ta rage komai ba. Mai ciwon zuciya kuma ya samu sikeli: ƙarin kilo 2 cikin kwana uku ruwa ne, ba ƙiba ba, kuma sikeli yana ganinsa kafin ido.

Ƙwayar fitsari, wadda aka fi sani da Lasix, magani ce mai ceton rai in ruwa ya cika huhu. Ita aka yi wa maƙwabciyarmu allurarta daren da aka kwantar da ita. Amma ba ta gyara zuciya, ba ta gyara ƙoda, ba ta narka gudan jini, ba ta buɗe magudanar da tsutsa ta toshe. Tana fitar da ruwa tare da fotasiyam, sinadarin da bugun zuciya ya dogara da shi. A zafinmu, balle da azumi a baki, shan ta ba awo yana iya busar da mutum har ƙoda ta tsaya. Mafi muni, takan ɗan saɓe kumburin, sai a zauna a gida wata biyu ciwon na ci.

Tsaga da ƙaho kuwa, na san ana ganin ruwa na fita, ido ya gamsu. Amma fatar da ta kumbura ba ta saurin warkewa, kuma ruwan da ke kwance a ƙarƙashinta abinci ne ga ƙwayoyin cuta. Ruwan da aka zubar yau zai dawo gobe tun da famfon da ke kawo shi a buɗe yake, ga shi an ƙara gyambo.

A asibiti ba wani abin tsoro ake yi ba. Za a auna hawan jini, a saurari ƙirji, a duba jijiyar wuya, a tsoma tsinke a fitsari, a ɗebi jini don ganin aikin ƙoda da hanta da yawan jini da suga. In an zargi zuciya a yi mata hoto, in gudan jini ne a yi hoton ƙafa. Ku je da amsar tambayoyin da za a yi muku: yaushe ya fara, ƙafa ɗaya ko biyu, yana saɓewa da safe, matashi nawa ake barci da shi, yaya fitsari.

Ku kuma zuba duk abin da majinyacin ke sha a leda ku tafi da shi, na asibiti da na kemis da jiƙe-jiƙe da garin da ake sa wa a kunu, kada a ɓoye ko ɗaya don kunya. Na gwaggo a cikin ledar likita ya ga amsar, tun kafin sakamakon fitsari ya fito.